Zaɓe da Reno da Martaba: Tarihin Ƙwallon Ƙafa a Makarantun Ƙasar Kano, Tare da Waiwaye a Kan Gezawa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun ƙwallon ƙafa, ko tamaula kamar yadda iyayenmu suka saba kiranta, a makarantu da kwalejojin ƙasar Kano, tun daga shigowarta har zuwa halin da ake ciki a yau. Za a yi wannan ne ta hanyar duban abubuwa uku waɗanda kowace ƙungiyar wasa ta makaranta take zaune a kansu. Na farko shi ne zaɓe, watau yadda ake gano yaro mai baiwa a jawo shi. Na biyu shi ne reno, watau yadda ake horar da shi har ya goge. Na uku kuwa shi ne martaba, watau sunan da ƙungiya ta yi, wanda yake sa yaro ya yi kishin rigar da ya sa. Waɗannan uku tamkar duwatsun murhu suke, in aka janye ɗaya tukunya ba ta zauna ba.

Wani zai iya cewa me ya kawo zancen wasa a taron ilimi irin wannan? Amsa ita ce, a yau akwai samari da yawa a ƙauyukanmu da suka ajiye littafi saboda ƙwallo, da yawansu kuma sun tashi a tutar babu, ba karatu ba ƙwallo. In muna son mu gane yadda aka yi makaranta da filin wasa suka raba gari, lalle sai mun koma mun ga yadda suka haɗu da fari. Na zaɓi Gezawa ta zama madubi domin ita karkara ce mai cunkoson jama'a, kuma ga ta a gindin birni, saboda haka duk abin da ya sami birni sai ya taɓa ta.

2.0 Wasa Kafin Zuwan Boko

Kafin mu shiga makarantun boko, ya kamata mu tuna cewa Bahaushe bai jira Bature ya koya masa shirya wasa ba. Akwai langa da kokawa da dambe, kuma duk lokacinsu ɗaya ne, watau kaka, bayan an kawar da amfanin gona, rumbu ya cika, fili ya samu. Dambe musamman yana da tsari cikakke. Asalinsa wasan rundawa ne, yaro yakan tashi ya tarar da shi a gidansu, ko kuwa wani babban ɗan dambe ya hange shi a dandali ya ɗauke shi. Wannan shi ne zaɓe. Sa'an nan yaron ya bi ubangidansa gari gari, yana riƙe masa kaya, yana buɗe fage da ƙananan karawa kafin manya su fito. Wannan shi ne reno. Daga ƙarshe kowane ɗan dambe yana da ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramaɗa, yana da kirari, yana da makaɗi mai zuga shi. Wannan ita ce martaba.

Ke nan lokacin da tamaula ta iso, ta tarar da jama'ar da ta riga ta san ma'anar gwani da ubangida da ɓangare. Abin da ya zama baƙo shi ne wurin da aka ajiye wasan, watau makaranta, da kuma ƙa'idar da aka rubuta masa.

3.0 Shigowar Tamaula

A Ingila kanta, ƙwallon ƙafa na zamani a makarantun kwana na 'ya'yan masu hali ya girma, tsofaffin ɗaliban waɗannan makarantu ne kuma suka yi ruwa suka yi tsaki wajen kafa hukumar ƙwallo ta ƙasar a 1863. A Nijeriya, wasan farko da tarihi ya adana an buga shi a Kalaba a 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Tun daga tushe ke nan, da makaranta aka fara.

A Arewa kuwa, wasan ya biyo hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce ta jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya kawo akawuna da ma'aikatan kamfanoni waɗanda suka zauna a Sabon Gari da ƙwallonsu. Hanya ta biyu ita ce ta makaranta. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce kuma ta karɓi sunan Barewa a 1971. Makarantar Midil ta Kano, wadda ita ce Kwalejin Rumfa ta yanzu, tana ƙirga tarihinta daga 1927. Turawan da suka koyar a waɗannan makarantu galibinsu 'ya'yan makarantun kwana na Ingila ne, sun kuwa zo da aƙidar cewa filin wasa wurin gyaran hali ne, a nan yaro yake koyon biyayya da juriya da shugabanci. Don haka wasa dole ne a kan kowane ɗalibi, kamar yadda lissafi yake dole.

Ya kamata a lura cewa a Kwalejin Katsina tamaula ba ita kaɗai take cin kasuwa ba. Akwai kurket, akwai kuma ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wanda Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya shahara a kansa tun yana ɗalibi a can tsakanin 1926 da 1931, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Abin da ya sa tamaula ta rinjayi sauran daga baya a fili yake. Ba ta bukatar bango ko sanda, ƙwallo ɗaya ya ishi yara ashirin da biyu, in babu na fata a ɗaure tsumma, in babu raga a kafa duwatsu biyu. 'Yan wasan Nijeriya da suka ziyarci Ingila a 1949 ma yawancinsu ba takalmi suka buga.

4.0 Zaɓe

A zamanin En'e ba a ɗaukar yaro makaranta don ya iya ƙwallo. Hasali ma ba iyaye ne suke kai yara ba, hakimi ne ake ɗora wa adadi, shi kuma ya rarraba wa dagatai, iyaye da yawa kuwa ɓoye 'ya'yansu suke yi. Daga Elementare sai a tace a tura Midil a babban birnin lardi, daga Midil a sake tacewa a tura kwaleji. Wannan tankaɗe da rairaya don karatu aka yi shi, amma sai ya yi wa wasa amfani ba da niyya ba. Ya tattaro yara daga gundumomi masu nisa da juna, ya zuba su a wuri ɗaya, ƙarƙashin idon malami ɗaya, shekara da shekaru. Yaron da ya fito daga ƙauye a gabashin Kano, wanda in da yana gida ba wanda zai san yana da gudu sai abokan kiwonsa, sai ga shi malamin wasanni yana kallonsa kullum da la'asar.

Bayan samun mulkin kai a 1960, zaɓe ya sami tsani mai hawa hawa. Daga gasar gidaje ta cikin makaranta ake fitar da ƙungiyar makaranta, daga gasar makarantu ake fitar da ƙungiyar lardi ko jiha, daga nan kuma a fitar da ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wadda aka sani da suna Academicals. A tsakiyar shekarun 1960 wannan ƙungiya ta doke takwararta ta Gana, kuma cikin 'yan wasanta akwai yaran Jos irin su Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo, wanda daga baya ya horar da ƙungiyar mata ta ƙasa. Christian Chukwu, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin Afirka a Legas a 1980, shi ma ta wannan tsani ya hau. Cikin abokan wasansa a wannan shekara akwai Segun Odegbami, wanda ya karanta aikin injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan, da Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Legas. A wancan lokaci ba abin mamaki ba ne a ga ɗan wasan ƙasa da takardar shaidar ilimi mai zurfi.

Manyan makarantu su ma sun kafa nasu dandali. An fara wasannin jami'o'in Nijeriya, watau NUGA, a Ibadan a 1966, kwalejojin ilimi suka sami NICEGA, kwalejojin fasaha kuma NIPOGA. Bugu da ƙari gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro bikin wasanni na ƙasa a 1973 don ɗinke ɓarakar yaƙin basasa, Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977. A Kano kuma ga kofin Ramat na 'yan ƙasa da shekara 16, wanda ƙungiyar YSFON take shiryawa don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad.

Sai dai zaɓe yana da cutarsa, ita ce sojan haya. Da zarar kofi ya yi daraja, sai a sami shugaban makarantar da zai sa wa ƙato rigar ɗalibi, ko a rage wa yaro shekaru a takarda. Wannan cuta ta hau har sama. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mata damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009, shekarar da Kano ta kasance cikin biranen da aka buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, sai da aka koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura don tantance shekaru. Illar sojan haya ita ce yana kashe gwiwar ɗalibi na gaskiya, domin ya ga duk ƙoƙarinsa a banza, ran gasa wani za a kawo daga waje.

5.0 Reno

Gano yaro abu ne mai sauƙi, renonsa shi ne aiki. Makarantar kwana ta dā tana da abubuwa huɗu da reno yake bukata. Tana da fili wanda ba mai taɓa shi. Tana da lokaci tsayayye, domin an ware la'asar don wasa. Tana da abinci sau uku a yini, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga jikin yaro mai tasowa. Tana kuma da malami wanda zai ga yaro tun yana aji ɗaya har ya fita. Shekara biyar a hannun mutum ɗaya ta isa a gane ko yaro ɗan baya ne ko ɗan gaba, a gyara masa ƙafar hagu, a koya masa haƙuri in alƙalin wasa ya yi masa ba daidai ba.

Har ila yau kwalejojin horon malamai sun taka rawar da ba a cika ambatonta ba. Malamin da ya fito da takardar shaida mai daraja ta biyu an koya masa motsa jiki da shirya wasa, duk ƙauyen da aka tura shi kuwa da usur ɗinsa yake tafiya. Ta hannun irin waɗannan malamai ne tamaula ta shiga firamaren karkara. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara yawansu ƙwarai.

Amma wannan shiri da ya faɗaɗa ilimi shi ne kuma ya fara sassauta renon. Ɗalibai sun ninka, kuɗi bai ninka ba. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, musamman daga 1986, ciyar da ɗalibai ya yi wa jihohi nauyi, sai aka karkata ga makarantun jeka-ka-dawo. Ɗalibin jeka-ka-dawo kuwa da an tashi sai gida, la'asar ɗinsa ta gona ce ko kasuwa ko Islamiyya. Wasu makarantun birni ma sau biyu ake shiga, safe da yamma, babu sauran lokacin wasa. Daga baya aka rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, aka mai da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, sai ilimin motsa jiki ya koma fannin 'yan ƙalilan da suka zaɓe shi. A 'yan shekarun nan matsalar tsaro ta ƙara dagula al'amari, domin bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, jihohi da dama, har da Kano, sun rufe wasu makarantun kwana na wani lokaci.

Da makaranta ta saki reno, sai ƙungiyoyin unguwa da makarantun koyon ƙwallo masu zaman kansu suka ɗauka. Makarantar ƙwallo ta Pepsi, wadda Kashimawo Laloko ya kafa a 1992, tana cikin na farko. Ahmed Musa misali ne na wannan sabuwar hanya. An haife shi a Jos a 1992, ya taso a wata makarantar koyon ƙwallo a can, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, daga nan ya wuce Holan, sa'an nan Rasha da Ingila. Hanyar ta fitar da gwanaye, ba shakka. Sai dai duk yaro ɗaya da ya haye, akwai ɗimbin da suka rage a baya, kuma wannan hanya ba ta tanadar musu komai ba. Tsohuwar hanya kuwa, wanda ƙwallo bai karɓe shi ba yakan fita da takardar da zai ci abinci da ita.

6.0 Martaba

Turawa sun raba ɗaliban makarantar kwana gida gida, kowane gida da sunansa da launinsa da kyaftin ɗinsa. A Barewa akwai gidaje masu sunan Lugga da Ɗan Hausa da Nagwamatse da Bello Kagara. Dattijo yakan manta makin da ya ci a jarrabawa, amma da wuya ya manta gidansa da shekarar da suka ɗauki kofi. Wannan kishi shi ne yake sa yaro ya fito atisaye ba a kira shi ba, shi ne kuma yake sa tsohon ɗalibi ya dawo da gudummawa. Martaba tana jawo zaɓe, domin yaro mai baiwa makarantar da ta yi suna yake so, zaɓe mai kyau da reno mai kyau kuma su suke ƙara martaba. Haka abin yake zagayawa.

A Kano, martabar ƙwallo ta tashi daga makaranta ta koma ga gari. Ƙungiyar Kano ta ci Kofin Gwamna a 1953, bayan ta doke Dynamos ta Legas da ci biyu da ɗaya, ita ce kuma ta farko da ta fitar da kofin daga Legas tun da aka fara shi a 1945. Raccah Rovers ta ci gasar ƙasa a 1978. A 1990 aka haɗe ƙungiyoyi uku, da ta WRECA da Golden Stars da ta Bankin Arewa, aka kafa Kano Pillars, Alhaji Ibrahim Galadima yana cikin jagororin wannan aiki. Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka a 2009, ta kuma yi shekara goma sha biyu, daga 2003 zuwa 2015, ba a doke ta a gida a gasar ƙasa ba. Kirarin Sai Masu Gida da launin kore da ruwan ɗorawa sun zama abin da Bakano yake tinƙaho da shi, har lokacin da ta faɗo daga babban rukuni a 2022 magoya baya ba su watse ba, ta kuwa dawo a 2023.

A yau kuma tauraron ɗan'adam ya kawo wata kishiya. A gidajen kallon ƙwallo na ƙauyukanmu za ka tarar da yaro ya haddace sunayen 'yan wasan Real Madrid da Arsenal, amma in ka tambaye shi launin rigar makarantarsu sai ya yi shiru, domin babu rigar. Gasar ƙwallo ta manyan makarantu da aka fara a 2018, wadda Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ta ci karon farko da sunan da yake nufin manoma, yunƙuri ne na maido da wannan martaba, sai dai bai gangaro zuwa sakandare ba.

7.0 Darasi Daga Amurka

Babu ƙasar da wasan kwaleji ya yi ƙarfi kamar Amurka, ko da yake ƙwallonsu na daban ne, wanda ake runguma a hannu a ruga. Wasan farko tsakanin kwalejoji an yi shi ran 6 ga Nuwamba 1869, tsakanin Rutgers da Princeton. Da mace-macen 'yan wasa suka yi yawa, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki a 1905, aka kafa hukumar da ta zama NCAA a 1906. A 1956 ta halatta ba ɗalibi gurbin karatu kyauta saboda wasa. Daga nan zaɓe ya zama sana'a, masu horarwa suna bin sakandare har gidan iyaye. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da dubu ɗari, kuma yawancin masu cika shi ɗalibai ne da tsofaffin ɗalibai da mutanen jihar.

Wannan zaɓe ya iso har Nijeriya. A shekarun 1970 Jami'ar Clemson ta ɗebi 'yan ƙwallon ƙafa daga nan, cikinsu har da Taiwo Ogunjobi da Godwin Ogbueze, ta kuma kai wasan ƙarshe na ƙasar a 1979. Christian Okoye ya tafi Azusa Pacific a 1982 a matsayin mai jifan faifai, aka juya shi ya zama gwanin ƙwallon Amurka.

Abin koyi a nan shi ne an ɗaure wasa da karatu, wanda bai ci jarrabawa ba ba ya shiga fili. Abin gudu kuma shi ne yadda kuɗi ya rinjayi tsarin. Tun 2018 aka sauƙaƙa wa ɗan wasa sauya makaranta, a 2021 aka ba shi damar cin kuɗin talla da sunansa, a 2025 kuma kotu ta amince makarantu su riƙa biyansa kai tsaye. In yaro yana sauya riga kowace shekara, reno ya katse, martaba kuma ta raunana. Mu da ba mu da kuɗinsu, ba mu da dalilin ɗauko cutarsu.

8.0 Gezawa a Madubi

Gezawa tana arewa maso gabas da birnin Kano, a kan hanyar Gumel, layin dogo na Nguru kuma ya ratsa ta Jogana. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum dubu 282 da 'yan kai, a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 340, watau fiye da mutum 800 a kowane murabba'in kilomita. Tana tsakiyar yankin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa, inda ake nome kowane taƙi kowace shekara ba a barin saura, kuma Tumbau tana cikin ƙauyukan da ya yi aiki a kansu.

Wannan yanayi shi yake tsara ƙwallon Gezawa. Inda ƙasa ta yi tsada haka, fili mai tsawon mita ɗari ba ƙaramar dukiya ba ce. Da damina gero da dawa da gyaɗa da wake sun rufe ko'ina, samari kuma suna gona. Sai an yi girbi, an kwashe kara, sa'an nan a share wata gona a kafa turaku, kamar dai yadda ake yi wa dambe. Daidai lokacin kuma wasu samarin suke tafiya cin rani. Filin da yake nan rani da damina shi ne na makaranta, shi ma yana cikin haɗari, musamman ta wajen Jogana da Babawa da Tsamiya Babba, inda birni yake matsowa, gonaki suke zama fulotai.

A yawon duba ɗalibaina masu gwajin koyarwa a wannan yanki, na je wata makaranta inda na tarar an gina azuzuwa a rabin filin wasa, sauran rabin kuma an shuka wake. Malamin da aka ba wasanni ya karanta wani fanni ne daban, ƙwallo ɗaya gare shi, shi ma a kulle a ofis. Amma da la'asar, bayan katangar makarantar, na ga samari sun fi arba'in suna atisaye ƙarƙashin wani koci na sa kai, da riguna iri ɗaya da suka yi karo-karo suka saya. Sha'awa tana nan, baiwa tana nan, makaranta ce ta fita daga cikin lissafi.

Sakamakon haka shi ne yaron da ya yi fice sai ya nufi birni, ya raɓu da wata ƙungiyar unguwa, karatu ya tsaya. Can kuma ga dillalan bogi masu alkawarin gwaji a Turai ko ƙasashen Larabawa, har uba ya jinginar da gona. Da yawa ba su san dokar FIFA ta hana sayar da yaro ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa ba, in ban da 'yan keɓantattun dalilai. Ba su kuma san cewa in an sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin don ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23 ba. Wannan kaso ƙungiya mai rajista kaɗai take samunsa. Kocin ƙauye da ya sha rana da yaro shekara biyar, in ba takarda, ko sisi ba zai gani ba.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, tarihin nan ya nuna mana cewa makarantar kwana ta haɗa zaɓe da reno da martaba a wuri ɗaya, cewa faɗaɗar ilimi da ƙarancin kuɗi sun warware wannan haɗi daga shekarun 1980, kuma karkara irin Gezawa ita ta fi jin jiki. Ba za a iya maido da kowa makarantar kwana ba, amma akwai abin da za a iya yi da ɗan abin da yake hannu.

Da farko, a auna filin kowace makaranta a yi masa takarda da iyaka, domin wanda aka gina ba ya dawowa. Na biyu, a shirya gasar makarantu ta ƙaramar hukuma a tsakanin kaka da bazara, yadda ba za ta ci karo da aikin gona ba, kuma kada yaro ya buga sai sunansa yana cikin rajistar aji, malaminsa ya shaida yana zuwa. Na uku, a jawo kocin sa kai cikin makaranta, a yi wa ƙungiyarsa rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, ya sami fili, makaranta ta sami mai horarwa. Na huɗu, mu malaman kwalejojin ilimi mu tabbata duk ɗalibin da za mu yaye ya iya shata fili da busa usur, ko da Hausa ko lissafi ya karanta, kwalejojinmu kuma su ware 'yan gurabe ga gwanayen da suka cika sharuɗɗan shiga, su daina neman sojan haya in gasa ta matso. Na biyar, kowace makaranta ta sami launi da suna da kirari, tsofaffin ɗalibai kuma su ɗauki nauyin kofi.

Ina fata masu nazarin tarihi a cikinmu za su hanzarta zuwa ga tsofaffin malaman wasanni da suka rage a raye, a ɗauki bayaninsu, a kuma tattara kofuna da hotuna da littattafan ajiye labari da suke cin ƙura a ofisoshin shugabannin makarantu, tun kafin gara ta riga mu.